Katin Kwastoma Amana Ne

'Yan uwa mazauna Sabo. Tun kafuwar unguwar nan a 1916, amana ce jarin maigida a cinikin goro da shanu. Yanzu samarinmu na sayar da kaya ta intanet, wasu har cewa suke kwastoma ya turo hoton katinsa ta WhatsApp don sauƙin biya nan gaba. A ganina wannan ganganci ne. In wayar ta ɓata, kuɗin mutane sun tafi, sunan Sabo ya ɓaci. Ku bar wa irin su Paystack ajiyar kati, su ba ku wata lamba a madadinsa. Lambobi ukun bayan kati kuwa, ƙa'ida ta hana ajiye su. Allah Ya tsare mana mutuncinmu.