Mun Raina Adabin Kasuwa, Gara Ta Gaje Shi

A wata unguwa cikin Tudun Wada, nan Minna, akwai wani ɗan shago da na sani tun ina yaro, inda ake ba da hayar littattafan Hausa. Matan aure kan aiko yara da ƴan kuɗi a ƙulle a gefen zane, a karɓo musu littafi na ɗaya, gobe a dawo neman na biyu. Kwanan baya na bi ta wurin, na tarar ana cajin waya. Da na tambayi mai shagon ina littattafan, sai ya ce gara ta ci wasu, sauran kuwa masu ƙosai da tsire sun saye a kan kilo. Ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne, mu malaman adabi da muka shafe shekaru muna yatsina fuska.

Bari a tuna yadda abin ya faro. Tun daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙagaggen labarin Hausa ɗan gatan hukuma ne: daga Hukumar Talifi zuwa NORLA, daga nan zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin SAP a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Wa ya ɗauki alƙalami a lokacin? Ba mu ba ne. Talatu Wada Ahmed ce da Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da ƴan ƙungiyar Raina Kama. Da kuɗin aljihunsu suka je ƙananan maɗaba'u, suka buga, suka kai kasuwa da kansu, har littattafan suka iso Minna da Kwantagora da Maraɗi. Mu kuwa muka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, muka zauna jiran ranar da za su mutu.

Ba na musun aibinsu. Da yawa ba su san ƙa'idojin rubutu ba, ba ƙugiya a baƙaƙe, ba tsayayyar raba kalma, kuma an riƙa tsinka labari gida uku ko huɗu don kawai a ƙara ciniki. Amma zargin da aka fi yayatawa, wai sun kwaikwayi finafinan Indiya sun gurɓata al'ada, shi ne ya fi ba ni dariya. Abubakar Imam, ɗan Kagara a wannan jiha tamu, wanda muke rantsuwa da sunansa a kowane aji, daga ina ya ɗebo yawancin labaran Magana Jari Ce? Daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Gabas, ya sa musu riga da hular Hausa. Da Imam ya yi aro muka ce hikima, da matar aure a Kano ta yi muka ce sata. Ashe ba aron ne ya dame mu ba, mai aron ne.

Kuma wace al'ada ce aka gurɓata? Auren dole, da rikicin kishiyoyi, da sakin wulaƙanci, da hana ƴa mace karatu, ba marubutan suka ƙirƙiro su ba. A gidajenmu suka gan su, suka faɗa da Hausar da ake yi a tsakar gida. A gari irin Minna, inda Bahaushe ke zaune cikin Gbagyi da Nufawa, makaranta kuma ta fi ba Ingilishi ƙarfi, na san mata da dama da ba su iya karatun boko da Hausa ba sai ta waɗannan littattafai. Wane shirin yaƙi da jahilci ne ya yi wannan aiki ba da sisin gwamnati ba?

Sakayyar da suka samu ita ce a 2007 aka tara wasu aka cinna musu wuta a Kano, gwamna na tsaye. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Ingilishi. Graham Furniss kuwa ya daɗe da tara ɗaruruwansu a SOAS da ke Landan. Abin kunyar ke nan: ɗalibinmu da ke son nazarin abin da iyayensa mata suka karanta zai fi saurin samunsa a Ingila.

Yanzu marubuta sun koma WhatsApp da Wattpad, abin da aka rubuta a can ma yana iya ɓacewa da lalacewar waya ɗaya. Don haka ina ƙalubalantar wannan sashe namu: a ware kabad ɗaya, a ɗora wa kowane ɗalibin shekarar ƙarshe ya kawo tsofaffin littattafai biyar daga akwatin gyatumarsa ko yayarsa, a rubuta sunan marubuci da maɗaba'a da shekara in akwai, a ɗauki hoton kowane shafi. Ni na fara da goma sha ɗaya da na ceto daga hannun mai ƙosan Tudun Wada, biyu daga ciki ba bango.