Ɓarawon akuya da ɓarawon miliyar

Ƴan uwa na Magarya da Dungas, ku saurara! Wanda ya saci akuya ran kasuwa, a kaso yake kwana. To, manya fa?

Tun 2011 aka kafa HALCIA. A 2020 bincike ya tono sefa miliyar 76 da suka salwanta wajen sayen kayan soja. Wa aka fara ɗaurewa? Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ran 15 ga Maris! Ƴan kwangila kuwa aka ce su maido kuɗi, a shirya.

Mu ba mu yarda ba. Doka ta yanka wa alƙali wa'adi, a riƙe dukiyar wanda ake tuhuma har a gama shari'a. Kowane reshe ya karanta wa jama'a wannan takarda ran kasuwa.