Lamba 92 ta tafi, lamba 43 ta dawo

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Tawa a shekarun da kasuwar uraniyom ke ci ya ga manyan motoci shaƙe da ganguna, sun nufi Faraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai kayan Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da su Faransa. Kowa ya san kuɗi ne ke tafiya. Kaɗan ne suka san matsayin wannan haja a wurin masana.

Masana kimiyya sun jera sinadarai na asali, waɗanda aka gina kome na duniya da su, a cikin jadawalin da Mendeleyef, mutumin Rasha, ya fara tsarawa a 1869. Kowane yana da lambarsa: baƙin ƙarfe 26, azurfa 47, zinariya 79. Yau adadinsu ya kai 118. Uraniyom shi ne na 92, kuma shi ne mafi nauyi cikin waɗanda ake haƙowa daga ƙasa da yawa. Wato abin da kamfanin SOMAÏR ya fara fitarwa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta daga 1978 har rufe shi a 2021, shi ne autan sinadaran da Allah Ya ajiye a cikin dutse. Na gaba da shi kuwa sai an ƙera.

An ƙera na 93 a Amurka a 1940, na 94, wato fulutoniyom, ya biyo baya ba da jimawa ba, kuma dukansu daga uraniyom aka samo su. Da fulutoniyom aka yi bom ɗin da ya faɗa wa Nagasaki a 1945. Na can ƙarshen jadawalin kuwa ƴan ƙwayoyi ake samu, su ɓace kafin ƙiftawar ido, ba su da kasuwa sai suna.

Iyakar da ke tsakanin na halitta da na ƙira ba ta da kauri kamar yadda ake zato. A 1972 masu awo a Faransa suka lura cewa uraniyom ɗin Oklo, a ƙasar Gabon, ya yi ƙarancin nau'in nan mai ci da wuta, wanda ake kira 235. Bincike ya nuna cewa kusan shekara biliyan 2 da suka wuce dutsen wurin ya kama aiki da kansa kamar tukunyar nukiliya, har ya haifi fulutoniyom, wanda ya daɗe da narkewa. Ashe ƙasa ta riga Bature.

Amma wanda ya fi shafar mutumin Yamai ba ya cikin masu nauyi. Lambarsa 43, sunansa tekinesiyom, shi ne sinadarin farko da ɗan Adam ya ƙera, a Italiya a 1937. Ba a haƙo shi a ko'ina. Ana fasa uraniyom 235 a tukunyar nukiliya, a tsamo wani sinadari mai suna molibden 99, shi kuma yana rikiɗewa a hankali ya zama tekinesiyom. Likita ya yi wa majiyyaci allurarsa, na'ura ta ɗauki hoton ƙashi ko maƙogwaro ko ƙoda, a gane ko ciwon daji ya yaɗu. Irin wannan hoto shi ne aikin sashen likitanci na Cibiyar Radiyo-Izotof ta Jami'ar Abdu Mumuni.

A nan ne ɗan kasuwa zai fi malami saurin fahimta. Uraniyom kaya ne mai jiran farashi: a ajiye shi shekara dubu, yana nan. Tekinesiyom kuwa ya fi tumatir saurin lalacewa. Cikin awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi. Molibden ɗin da ke haifar da shi yana rasa rabinsa cikin awa 66, saboda haka tulun da aka aiko da shi ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Ba a saye a ɓoye, ba a jiran damina ta wuce. Jirgin sama ya makara, ko takarda ta kwana a teburin duwan, kaya sun ragu tun ba a buɗe su ba, majiyyacin da ya taso daga Damagaram ko Difa kuma ya ci gaba da kwana gidan dangi. Ma'aikacin da ke riƙe da hatimi ya kamata ya san wannan lissafi.

Masu yin molibden ɗin ba su da yawa: ƴan tsofaffin tukwane ne, irin na Petten a Holan, na Mol a Beljiyom da na Pelindaba a Afirka ta Kudu. Lokacin da tukunyar Kanada ta tsaya a 2009, manyan asibitocin Turai da Amurka kansu sun shiga layi.

A Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAÏR hannun ƙasa, bayan ta karɓe lasisin Imuraren a 2024. Wannan ya sauya mai riƙe da lamba 92. Lamba 43 kuwa ba ta fitowa daga ramin Arlit ko wane ne mai ramin: sai da tukunyar bincike, da injiniyoyin da za su kwana a kanta, da kasafin kuɗin da ba ya yankewa a tsakiyar shekara.