Karatun 'ya'yanmu a Makka: Wa ke ba su shawara kafin su biya kuɗi?

Duk alhajin da ya taɓa sauka a Misfala ko ya leƙa kasuwar Shara Mansur ya san irin samarin da wannan sharhi ke magana a kansu. Su ne suke yi maka tafinta wajen mai kanti, su nuna maka motar da za ta kai ka masauki, suna Hausa mai ɗan karkata zuwa Larabci. A Makka aka haife su, wasu ma har iyayensu, amma a takarda baƙi ne, domin a dokar Saudiyya haihuwa kaɗai ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Idan aikin Hajji ya ƙare muka kwaso tsarabarmu muka dawo gida, ba kasafai muke tambayar inda waɗannan yara suke dosa bayan sun gama sakandare ba.

Mu a nan gida, da zarar an ce ɗalibi a Makka, abin da ke zuwa mana a rai shi ne Jami'ar Ummul Ƙura, wadda ta samo asali daga Kwalejin Shari'a da aka kafa a 1949, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1981, zamanin Sarki Khalid. Sai mu tuna da malamai irin su Dokta Ahmad Gumi da suka yi karatu mai zurfi a can. To amma ɗalibanmu a birnin kashi biyu ne, kuma halin da suke ciki ya sha bamban. Akwai waɗanda aka ɗauko daga gida bisa tallafin gwamnatin Saudiyya, akwai kuma 'ya'yan mazauna, waɗanda ake kira 'yan Takari. Ba a maganar Hausawan da kakanninsu suka samu takardar zama 'yan ƙasa tun tuni, masu amsa sunan Hausawi. Su dokar 'yan ƙasa ce take aiki a kansu.

Kashi na farko, a zahiri, sun ci sa'a. Ba su biyan kuɗin makaranta, ana ba su wurin kwana da magani da tikitin zuwa gida duk shekara, ga alawus na wata-wata irin wanda ake ba ɗalibai 'yan ƙasa, wanda ya shafe shekaru da dama yana kan Riyal 850 ga masu karatun addini da adabi, Riyal 1,000 ga masu kimiyya. Sai dai ga wani abu. Tun 1986 Riyal yake ɗaure da Dalar Amurka a kan 3.75, ita kuwa Naira an sake ta a watan Yunin 2023. Riyal ɗaya da yake wajen Naira 120 a farashin gwamnati a farkon 2023 ya kai kusan Naira 400 a 2024. Ke nan Riyal 850 ya tashi sama da Naira dubu 300, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma Naira dubu 70 a shekarar. A idon 'yan uwa da ke Kano ko Gusau, yaro ya zama ma'aikaci, dole ya riƙa aike. Shi kuwa a can, kuɗin bai ƙaru da ko sisi ba, alhali harajin kayan masarufi da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a 2020. Idan mai iyali ne, ga hayar gida a garin da masu gidaje suka fi son alhazan wata guda a kan ɗan haya na shekara.

Babbar matsalarsu ma ba kuɗin ba ce, lissafin shekaru ne. Ƙa'idar tallafin ta yarda a ɗauki mai shekara 17 zuwa 25 a matakin digiri na farko. Wanda Larabcinsa bai nuna ba sai ya fara yin shekara biyu a cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, sannan ya yi huɗu a kwaleji. Wanda ya shiga yana da 25 zai fito yana da 31, ya wuce shekarun yi wa ƙasa hidima, sai dai hukumar NYSC ta ba shi takardar yafewa. Kafin nan ma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa, a kuma nemi sakamakonsa na sakandare. Da yawa ba su jin wannan bayani sai sun dawo Abuja da kwalin digiri a hannu. Jami'a tana da tsarin ba kowane ɗalibi malami mai ba shi shawara, wanda suke kira murshid, amma aikinsa ya tsaya ne a kan darussan da za a yi wa rajista. Ba laifinsa ba ne idan bai san dokokin Najeriya ba. Ga kuma tangarɗar harshe: a aji Larabcin littafi ake koya wa yaro, a ofis kuwa ma'aikaci da harshen Hijaz zai amsa masa, cikin sauri, da layi a bayansa.

Kashi na biyu su ne abin tausayi, kuma su ne ba a magana a kansu. Yaron da aka haifa a Makka yana zaune ne a kan igamar mahaifinsa. Tun watan Yulin 2017 gwamnati ta sanya haraji a kan kowane mutum da baƙo yake ɗauke da nauyinsa: Riyal 100 a wata da farko, 200 a 2018, 300 a 2019, ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya Riyal 24,000 ke nan a shekara, tun kafin a yi maganar abinci. Bugu da ƙari, ɗa namiji da ya wuce shekara 18 ana neman shaidar cewa ɗalibi ne kafin a sabunta masa igama a ƙarƙashin mahaifinsa, idan ya kai 25 kuwa sai ya nemi kafili, wato wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa. Wannan ya sa ga irin wannan gida, makaranta ba wurin neman ilimi kawai ba ce, ita ce igiyar da ke riƙe da yaro a garin da aka haife shi.

To wace makaranta? Karatun jami'ar gwamnati kyauta na 'yan ƙasa ne, da 'ya'yan matan Saudiyya da suka auri baƙi. Ɗan baƙo sai dai ya nemi abin da ake kira tallafin cikin gida, wanda gurabensa ba su taka kara sun karya ba, kuma yana gogayya ne da 'ya'yan Yaman da Siriya da Masar da Sudan da sauransu. Akwai makarantun addini irin su Darul Hadis da makarantar Harami, amma ba kowane yaro ne yake son zama malami ba. Jami'o'in kuɗi kuwa sun fi ƙarfin talaka, ga shi gwamnati tana ɗauke wa 'yan ƙasa ne kawai harajin kashi 15 na karatu a makarantun kuɗi. Abin da ya rage shi ne difloma ta shekara biyu.

A nan ne maganar kwalejojin al'umma ta shigo. Saudiyya ta fara buɗe su ne a ƙarshen shekarun 1990, bisa kwaikwayon tsarin Amurka, domin ɗaukar waɗanda ba su samu gurbin digiri ba. Suna da hanya biyu: ɗaya ta share fagen wucewa jami'a, ɗaya ta koyon sana'a a fito a nemi aiki. Ummul Ƙura ma tana da tata. A 2021 aka yanke shawarar sauya waɗannan kwalejoji zuwa kwalejojin koyon aiki, a ƙarƙashin shirin ƙasar na 2030, da nufin a daidaita darussansu da bukatun kamfanoni. Sabuwar dokar jami'o'i ta 2019 kuma ta buɗe ƙofar karɓar kuɗi a kan shirye-shiryen difloma da kuma daga ɗaliban da ba 'yan ƙasa ba. Don haka a jami'o'in ƙasar da dama, mai igama da kuɗi a hannu yana iya samun kujera.

Abin tambaya shi ne, kujerar za ta kai shi ina? Irin darussan da waɗannan kwalejoji suka fi koyarwa su ne akanta, kula da ma'aikata, kwamfuta, talla da hulɗa da abokan ciniki. Su ne kuma daidai ayyukan da gwamnati take killace wa 'yan ƙasa tun bayan ɓullo da tsarin Niɗaƙat a 2011. Aikin ofishin kula da ma'aikata an daɗe da haramta wa baƙo. A 2021 aka wajabta wa kamfanoni ware kashi 30 cikin ɗari na ayyukan akanta da kashi 25 na ayyukan sadarwa da kwamfuta ga 'yan ƙasa, a 2022 kuma aka killace aikin kula da abokan ciniki ɗungurungum. Ko a inda doka ta bar ƙofa, kamfanin da ya ɗauki baƙo yana biyan harajin Riyal 700 zuwa 800 a kansa duk wata, bisa ƙimar da aka kai a 2020. Ba wanda zai zargi wata ƙasa don ta fifita 'ya'yanta. Mu ma da muna da hali haka za mu yi. Amma kwalejin an gina ta ne don ɗan ƙasa, shawarar da ake bayarwa a cikinta ma ta ɗan ƙasa ce. Ma'aikacin da ke karɓar takardu zai gaya wa yaro ranar rufe rajista da yadda zai biya, ba aikinsa ba ne ya ce masa wannan kwas ba zai ba ka aiki ba saboda launin fasfonka.

Idan yaron ya ce to bari ya koma gida da diflomarsa, nan ma da sauran rina a kaba. Da Larabci ya yi karatunsa tun daga firamare, Turancinsa kaɗan ne, bai taɓa zana WAEC ko NECO ba. Difloma ba ta kai mutum ga NYSC, sai digiri ko HND, shiga jami'a kai tsaye kuma sai ta hannun JAMB bayan an tantance takardar. Wasu ma ba su da lambar NIN, wadda sai da ita ake samun fasfo. Wato dai ya zama jemage, a can baƙo, a nan baƙo. Waɗanda iyayensu ba su da igama kwata-kwata, musamman bayan samamen 2013 da na 2017 da rushe tsofaffin unguwanni irin su Hindawiyya don aikin titin Sarki Abdul'aziz, su ba su ma kai ga wannan mataki ba.

Wa ke cike wannan giɓi? A halin yanzu, tsofaffin ɗalibai ne da guruf-guruf na WhatsApp, da kuma 'yan kamasho masu alkawarin samo gurbi. Tun 2022 da aka buɗe dandalin neman karatu a Saudiyya ta intanet, neman gurbi kyauta ne, amma wanda bai sani ba sai ya biya wani ya cike masa fom ɗin da zai iya cikewa da wayarsa.

Akwai darasi a wajen maƙwabtanmu 'yan Bama na Makka. Su ma sun shafe gomman shekaru suna zaune a kan duwatsun birnin ba takarda, amma suna da shugabanci guda da ke magana da yawunsu, kuma a 2013, zamanin da Yarima Khalid Al-Faisal yake gwamnan Makka, aka fara ba su igama ta shekara huɗu kyauta, 'ya'yansu suka samu shiga makarantun gwamnati. Gaskiya ne nasu lamarin na 'yan gudun hijira ne, ba su da ƙasar komawa, mu kuwa muna da ita. Amma wannan ne ma ya sa nauyin ya koma kan gwamnatinmu.

Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, tafiyar kamar awa ɗaya daga Makka. Hukumar NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi suna tare a birnin duk shekara, kuma waɗannan samari ne suke yi wa alhazanmu jagora. Ba a bukatar wani kasafi mai yawa kafin a ajiye jami'in ilimi guda a Jidda mai jin Larabci da Hausa, a buga 'yar takarda mai shafi biyu da ke nuna kwasa-kwasan da baƙo zai iya aiki da su a Saudiyya, da matsayin kowace takarda a Najeriya, a raba ta a masallatan unguwanninmu kafin lokacin rajista. Jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello, masu sassan Larabci masu ƙarfi, suna iya shirya kwas na shekara guda na Turanci da share fage ga 'ya'yan mazauna Makka da Madina da Jidda. Uban da ke biyan Riyal 4,800 a shekara a kan igamar ɗa guda, ban da kuɗin difloma, ya kamata a ce an nuna masa abin da wannan kuɗi zai iya yi wa yaron a Kano ko Sakkwato, sannan ya zaɓa.