Inji Ya Jira Tukuna: Ra'ayina Kan Kasafin Mayar Da Motar Ƙwalisa Ta Tsere

Duk inda matasa suka zauna ana hirar mota, tambayar da ke fara fitowa ita ce, nawa take gudu? Daga nan sai a koma kan inji, ƙarfin dawaki nawa gare shi, silinda nawa, wace irin ƙara salansa ke yi. Ba kasafai za ka ji an tambayi yadda motar ke tsayawa ba. A wannan 'yar muƙala ina so ne in kare wani ra'ayi da na san masu sha'awar mota da yawa ba za su so shi ba, wato duk wanda ya ɗauri aniyar mayar da motar ƙwalisa ta zama ta tsere, inji ne abu na ƙarshe da ya kamata kuɗinsa ya taɓa. Abin da nake kira motar ƙwalisa shi ne ƙaramar motar nan mai kujera biyu, gajera kamar ta kwanta a ƙasa, wadda aka ƙera don daɗin tuƙi, ba don ɗaukar iyali da buhun shinkafa ba.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki mota guda mu bi ta. Ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. Kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na birnin Shikago a shekarar 1989. Samfurin farko yana da inji mai lita 1.6, ƙarfinsa kimanin dawaki 115 ne kacal, nauyin motar kuma bai kai kilo 1,000 ba. Motocin gida da yawa da ke yawo a titunanmu sun fi ta ƙarfin inji. Amma duk da haka, a shekarar 2016 adadin waɗanda aka ƙera ya cika miliyan ɗaya, kuma tana cikin motocin da masu tseren sha'awa suka fi amfani da su a Amurka. Akwai rukunin gasa sukutum da aka ware mata, mai suna Spec Miata, ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su SCCA, wadda aka kafa tun 1944.

To, a nan ne darasin farko yake. Rukunin nan yana da kundin dokoki. Kundin ya faɗi irin shokazoba da sifirin da za a sa, ya faɗi tayar da za a ɗaura, ya ƙayyade mafi ƙarancin nauyin mota haɗe da direbanta. Motocin da suka zo da inji mai lita 1.8 ma ana sa musu wani faranti mai rage iskar da ke shiga injin, domin kada su tsere wa na farko. Yanzu mai karatu ya ɗauka wani ya tara kuɗinsa na shekara biyu, ya saya wa motarsa na'urar nan ta tobo mai ɗura wa inji iska, ya ji daɗi ta ƙara ƙarfi, sannan ya kai ta wurin masu tantancewa ranar gasa. Za su ce masa ya cire, ko kuma ya koma wani rukunin inda zai tarar da waɗanda suka ninka shi kuɗi sau goma. Don haka abin da ya kamata a fara mallaka shi ne kundin dokokin rukunin da za a shiga, wanda sau da yawa kyauta ake sauke shi a intanet. Mutum ya karanta shi da biro a hannu tun bai sayi ko noti ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan doka sai lissafi, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Suna rubuta kuɗin mota da kuɗin kayan da za su ɗaura mata, su ja layi, su ce ga jimla. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai dokin sukuwa ya san sayen dokin shi ne mai sauƙi, harawa da dawa da kanwa da ɗan barga su ne ke cin mutum a hankali. Haka mota take. Kowace fita akwai kuɗin rajista, akwai fetur, akwai baƙin mai da man birki, akwai masauki da abinci na kwana biyu ko uku. Tayar tsere kuwa ba sai ta suɗe take mutuwa ba. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, robarta na ƙara tauri, har ta kai ido na ganinta lafiya lau amma ta daina riƙe kwalta. Ga kuma abin da ba a son faɗa: inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. In motarka ta daki katanga, ko wani ya shigo maka a kwana, gyaran daga aljihunka zai fito, kuma a al'adar wannan wasa wanda ya buge ka ba ya biyanka.

Saboda haka, in da ni ne mai kasafin, kashi uku zan raba abin da ke hannuna. Kashi ɗaya na mota da gyaranta, kashi ɗaya na hidimar kakar gasa guda cur, na ukun kuma in ajiye shi gefe kamar babu shi. In har kashi ɗayan nan bai isa sayen motar da nake so ba, to motar ta fi ƙarfina, sai in nemi ta ƙasa da ita. Daidai ruwa daidai tsaki. Wani zai ce ai wannan tsoro ne irin na talaka. Ko kusa. Gasar Formula 1, wadda ta fi kowace gasa kuɗi a duniya, ita ma ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe tun daga 2021, inda aka fara da dala miliyan 145. Da ƙungiyar Red Bull ta ɗan zarce iyakar wannan shekarar, a 2022 aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin yadda iska ke bin jikin mota. In masu miliyoyin daloli suna zama da kalkuleta, ina ga mai albashi?

Kuɗin farko da zai shiga jikin motar na gyaran abin da ya tsufa ne. Motar da ta haura shekara 30 tana da lagireton da ya gaji, tiyon ruwa da ya bushe, robobin ƙafa da suka tsattsage. A titi za ta iya lallaɓawa da su har wata shekara. A fili kuwa, inda za a taka totur har ƙasa na minti 20 ko 30 ba hutu, duk wani rauni sai ya bayyana. Wannan kashe kuɗi ne marar armashi, ba wanda zai gani ya yaba, shi ya sa ake tsallake shi.

Sai kayan tsira da rai, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ana buƙatar kejin ƙarfe da gwanin walda zai haɗa a cikin motar bisa awon da doka ta tanada, da kujera ta musamman, da ɗamara mai harshe biyar ko shida, da hular kwano mai shaidar inganci, da tufafin da wuta ba ta saurin ci, da abin kashe gobara, da makunnin da ke yanke wutar motar gaba ɗaya. Akwai kuma abin da ke tallafe kai da wuya, wanda aka fi sani da HANS. Tarihinsa abin dubawa ne. Wasu Amurkawa biyu, Robert Hubbard da Jim Downing, suka ƙirƙiro shi tun shekarun 1980, amma direbobi suka yi ta ƙinsa, wai yana takura musu. Ranar 18 ga Fabrairun 2001, Dale Earnhardt, wanda ya ci kambun NASCAR har sau 7, ya daki katanga a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500, ya rasu sakamakon karayar gindin ƙoƙon kai, irin raunin da aka yi abin domin karewa. Ba ya sanye da shi. Kafin shekarar ta ƙare NASCAR ta wajabta sa irin wannan kariya, Formula 1 ta bi sahu a 2003. Abin da ke faruwa mai sauƙin fahimta ne: ɗamara ta riƙe gangar jiki gam, mota ta tsaya nan take, kai kuma da nauyin hular da ke kansa ya ci gaba da tafiya, wuya kaɗai ke janye da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wata gasa mai araha ta ɗauki wannan batu. A 2006 aka fara wata gasa a jihar Kalifoniya mai suna 24 Hours of Lemons, wadda dokarta ta ce kada kuɗin mota ya wuce dala 500. Gasa ce ta raha, ana zuwa da kwaraɓaɓɓun motoci masu fenti na ban dariya. Amma kayan kariya da birki da taya ba sa cikin wannan lissafin, mutum ya kashe musu abin da ya dace. Masu wasa ma sun san inda wasa ya tsaya. A lura kuma, waɗannan kaya suna da wa'adi. Ɗamarar da ke ɗauke da shaidar hukumar FIA shekara 5 ake ba ta, ma'aunin hular kwano na Snell kuma duk shekara 5 ake sabunta shi. Wanda ya sayi na hannu don araha zai iya tarar da kwanansu ya ƙare. Araha ba ta ado.

Akwai wani abu da kejin nan ke jawowa wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Da zarar an haɗa shi, motar ta tashi daga ta zuwa aiki ko kasuwa, domin kan da ba hula in ya bugi bututun ƙarfe, ƙaramin haɗari ma ya isa. Ke nan sai an nemi tirelar da za ta ɗauke ta, da motar da za ta ja tirelar, da wurin ajiye su. Wanda motar nan ita kaɗai gare shi, shawarata ya dakata.

Birki da taya su ke biye, kuma ɗan lissafin kimiyya na sakandare ya isa hujja. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Motar da ta tashi daga kilomita 100 zuwa 140 a sa'a, aikin da ke kan birkinta ya kusa ninkawa biyu, kuma duk zafi yake zama. Man birki mai lambar DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Amma yana shan danshin iska, kuma in ya sha, ma'aunin da aka yarda da shi kan sauko har 155. In ya tafasa sai ya yi kumfa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ga kwana na tahowa. Kwalbar sabon mai da takalman birki masu jure zafi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tobo ba. Daga nan sai shokazoba da sifirin da saitin ƙafafu, sai kuma cire duk abin da ba shi da amfani, kafet da rediyo da na'urar sanyaya mota. Rage nauyi kusan kyauta ne, kuma yana taimaka wa gudu da birki da kwana a lokaci guda. A kan wannan tunani Colin Chapman ya gina kamfanin Lotus a Ingila.

Na san hujjar masu ja da ni, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce tsere gudu ne, in motoci biyu suka fito kwana tare, mai ƙarfin inji ce za ta riga kai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Gaskiya ne. Har a rukunin Spec Miata, waɗanda ke kan gaba suna kashe kuɗi mai yawa wajen ƙwararrun masu haɗa inji don neman ƙarin dawaki kaɗan. Sai dai su tsakaninsu abin da ya rage bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Sabon shiga kuwa daƙiƙoƙi da yawa yake zubarwa a kowane zagaye, ta hanyar taka birki da wuri, da shiga kwana ta inda bai dace ba, da jinkirin komawa kan totur. Ba injin da zai maido masa wannan. Ga shi kuma gudun ƙoli tsada gare shi, domin iska na turjiya: ƙarin kashi 10 cikin 100 na gudu yana neman ƙarin kusan kashi 33 na ƙarfi. Kuɗin da zai sayi wannan ƙarfin ya isa biyan kwanaki da yawa na horo a fili tare da malami a gefe, wanda dama sai da shi SCCA ke ba sabon direba lasisin gasa. Irin wasan motar da wasu samarinmu ke yi a titi ranar biki, ana juyi ana tayar da ƙura a tsakiyar jama'a, ba ya cikin abin da nake kira horo.

Inji zai samu rabonsa ranar da agogo ya nuna direba yana maimaita lokaci kusan iri ɗaya zagaye bayan zagaye, har wani gwani ya karɓi motar bai fi shi da wani abin kirki ba. Ko a ranar ma, ƙarin ƙarfi yana zuwa da 'yan rakiya: kuloci mai ƙarfi, lagireto babba, taya da birki masu saurin ƙarewa. Dole a sake zaman lissafi daga farko.

Akwai kuma hanyar da na fi karkata gare ta, ko da yake tana rage daɗin a ce ni na haɗa da hannuna. Motar tsere da wani ya riga ya haɗa yawanci tana faɗuwa ƙasa da abin da aka kashe mata, domin kuɗin walda da na makanike ba sa dawowa wurin sayarwa. Mai saye sai ya nemi littafin tarihin motar da ƙungiyar gasa ke bayarwa, inda masu tantancewa ke rubuta abin da suka gani da haɗurran da ta yi. Ya duba kwanan watan ɗamara, ya sa a auna matsin kowace silinda, sannan ya zo da gwanin walda nasa na kansa ya bi kejin gaɓa-gaɓa kafin a fara maganar farashi.