A Kira Kowane Gurbi Da Sunansa

Wannan makon za mu ɗan ajiye labari da waƙa, mu leƙa wani irin rubutu da wasunmu suka yi karatu a kansa, wato rubutun da ake yi wa kwamfuta. Kada kowa ya gudu, duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen tela zai gane maganar.

Ku tuna yadda tela yake ɗaukar awo. Ya buɗe littafi ya jera lambobi: 42, 18, 25, 16. Shi ya san ta farko tsawo ce, ta biyu kafaɗa, ta uku hannu, ta huɗu wuya. Amma ranar da ya yi tafiya yaronsa ya ɗauki littafin, ko ranar da ya tsallake lamba ɗaya cikin sauri, ranar za a yanka yadin mutane a banza.

Haka abin yake a rumbun bayanai, inda bankuna da asibitoci da makarantu suke ajiye bayanan jama'a a kwamfuta. A cikin rumbun ana rubuta ƙananan ayyuka a ajiye, duk sanda ake buƙata sai a kira su. Masu harkar suna ce wa wasu fankishin, wasu furosija. Kowane aiki yana da gurabe da mai kira zai cike. A ce an rubuta aikin tura kuɗi mai gurabe uku: asusun da za a cire, asusun da za a zuba, da adadin kuɗin. A tsohuwar hanya, irin ta tela, haka za a kira shi:

tura_kudi(1045, 2310, 50000)

A ɗaya hanyar kuwa, kowane gurbi da sunansa:

tura_kudi(daga => 1045, zuwa => 2310, adadi => 50000)

Ra'ayinmu shi ne, hanya ta biyu ya kamata kowane rumbu ya ba da dama a bi, kuma ita ya kamata a koya wa ɗalibi tun ranar farko.

Ba a littafi muka tsinci wannan ra'ayi ba. Lokacin da muke zaman sanin makamar aiki, mu uku aka tura wajen wani mai rubuta manhaja da yake kula da lissafin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon kai da kai. Aka ba mu gyaran wani shafi, muka juya lambobi biyun farko ba mu sani ba. Rumbun bai ce uffan ba, domin a wajensa lamba lamba ce. Sai da wata baiwar Allah ta zo da takardarta tana cewa an cire mata kuɗi maimakon a zuba, sannan aka farga. Kwana uku muka yi muna bin layi ɗaya bayan ɗaya, kuma mun karanta wannan layin ya fi a ƙirga ba mu ga komai ba, tunda babu abin gani a cikinsa sai lambobi. Da an rubuta "daga" da "zuwa", ko ɗan aji ɗaya zai tsaya ya ce a'a.

Ɗaya rabin maganar ita ce gurbin ganin dama. Idan ka zauna wajen mai shayin da ya saba da kai ka ce "a haɗa min", ba sai ka lissafa sukari da madara ba, ya san ma'auni. Ranar da kake son canji ne kawai za ka ce "ban da sukari". To haka ake yi wa gurbi tanadi: idan mai kira bai ce komai ba, a yi amfani da abin da aka tanada. A rumbun PostgreSQL akwai wani aiki mai suna make_interval da yake haɗa tsawon lokaci. Gurabensa bakwai: shekaru, watanni, makonni, kwanaki, awoyi, mintuna, daƙiƙu, kuma kowanne an tanadar masa sifiri. Mai son kwana goma, idan zai bi jeri, sai ya rubuta 0, 0, 0, 10, ya bar mai karatu da ƙirgen yatsu. Idan ya kira suna kuwa, days => 10 kawai zai rubuta, magana ta ƙare. A nan za a ga cewa suna da tanadi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: idan babu suna, ba yadda za a tsallake gurbin tsakiya a cike na gaba.

Amfanin tanadi ya fi fitowa ranar da aiki ya girma. An daɗe ana kiran tura_kudi daga wurare da dama, sai aka ce a ƙara gurbin bayanin dalilin turawa. Idan akwai tanadi, a ƙara shi a ƙarshe, tsofaffin kira su ci gaba da aiki. Idan babu, dole a bi kowane kira a gyara, wanda aka manta kuma ya tsaya cak. Shi ya sa za ku ga rumbu cike da tura_kudi2 da tura_kudi_sabo da tura_kudi_sabo_gyararre, kamar dai yadda muke raɗa wa fayil ɗin littattafanmu suna a waya.

Abin ba sabo ba ne. Harshen PL/SQL na Oracle ya gaji alamar => daga harshen Ada, kuma daga Oracle 11g na 2007 ana iya kiran fankishin da sunan gurbi har a cikin jimlar SQL. PostgreSQL ya kawo tanadi a fitowa ta 8.4 a 2009, kira da suna a 9.0 a 2010, sannan ya karɓi alamar => a 9.5 a 2016. SQL Server na Microsoft rabi ya bayar: furosijarsa tana karɓar suna da tanadi, amma a fankishin da aka kira cikin jimla ba a tsallake gurbi, dole a rubuta kalmar DEFAULT a wajen.

Wanda ya fi damunmu shi ne MySQL, domin a kansa ne da yawanmu muka fara koyo, tare da PHP. Tun fitowa ta 5.0 a 2005 yake da ajiyayyun ayyuka, amma har aka shigo jerin MySQL 8 babu kira da suna, babu tanadi. Ka rage gurbi ɗaya, ya ƙi aikin. Abin mamaki, tun 2010 yana hannun kamfanin Oracle, gidan da abin ya daɗe da zama ruwan dare. Sakamakon shi ne layuka cike da NULL, NULL, NULL, da ɗalibai masu tashi da tunanin haka duniya take.

Masu ja da mu suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Sun ce rubutun yana tsawo. Gaskiya ne, kuma aiki mai gurbi ɗaya ba ya buƙatar suna. PostgreSQL ma ya yarda a haɗa, a fara da jeri a ƙare da suna. Hujjarsu mai nauyi ita ce sunan gurbi yana zama alƙawari. Da zarar mutane sun fara rubuta "adadi", ba ka da ikon wayar gari ka mayar da shi "kudi", za ka karya musu aiki. PostgreSQL ba ya ma yarda a canza sunan gurbin shigarwa ta hanyar maye gurbin aikin, sai an goge shi an sake ginawa. Mu dai muna ganin wannan riba ce. Yana tilasta wa mai rubutu ya zauna ya zaɓi kalma tun farko, abin da 'yan wannan zaure suka fi kowa sanin wahalarsa.

Inda muke jin tsoro shi ne tanadin da aka yi da ganganci. Tanadi yana aiki ne a ɓoye, kuma ranar da aka canza shi, duk kiran da ya dogara da shi ya canza ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Don haka adadin kuɗi, da asusun da za a cire, da ko a goge ko kada a goge, ba abubuwan yi wa tanadi ba ne. A bar mai kira ya faɗa da bakinsa. Tanadi na abin da ko an manta shi ba wanda zai yi kuka ne.

Wanda aikinsa ya ɗaure shi da MySQL a yanzu, akwai 'yar dabara: ya fara zuba ƙimomin a cikin @daga da @zuwa da @adadi, sannan ya kira aikin da su. Ido zai ga sunaye, amma rumbun jeri zai ci gaba da bi, saboda haka idan aka juya su, za a cire wa mai zubi kamar yadda muka yi wa waccan baiwar Allah.