Dokar annoba: A kan wa ta ƙare?

Duk shekara, da zarar jigilar alhazai ta kama, ana ganin ayarin motoci daga Danchadi da Boɗinga da Shagari sun nufi filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato domin rakiyar maniyyata. A 2020 ba a ga wannan ayari ba, haka ma a 2021, domin Saudiyya ta rufe ƙofarta ga mahajjatan ƙetare saboda annobar korona. An yi ta jajanta wa maniyyata, kuma sun cancanci jaje. Amma akwai wani bawan Allah da ba a cika tunawa da shi ba, alhali kuwa duk wani gargaɗin lafiya da aka fitar a kansa yake fara sauka, wato matuƙin jirgi.

Da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa suna ɗaukar matuƙi a matsayin wani babban mutum saboda fararen kaya da igiyoyin kafaɗa. Gaskiyar magana ita ce ɗan ƙwadago ne. Ba shi yake zaɓar inda zai tafi ba. Kamfani ne ke rubuta masa jadawali, hukuma ta ƙayyade masa awannin aiki da na hutu, wani kaso na abin da yake samu kuma ya danganta ne da yawan awannin da ya yi a sama. In jirgi ya kwanta, shi ma ya kwanta.

Ba a kan killacewa ake jayayya ba. Musulmi bai jira Hukumar Lafiya ta Duniya ta koya masa wannan ba, domin koyarwar Manzon Allah (S) ce kada a shiga ƙasar da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Abin tambaya shi ne yadda mahukunta suka raba nauyin dokar, da kuma wanda aka bari da ɗaukarsa.

Ba yau aka fara ba. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, Saudiyya kuma ta hana maniyyatan Nijeriya shiga. A 2014, bayan wani ɗan Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola a jirgin ASKY, hukuma ta dakatar da kamfanin, Arik ma ya daina zuwa Laberiya da Saliyo. Sai dai duk waɗannan wasa ne in aka gwada su da 2020.

A ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe filayen jiragen Legas da Abuja ga jiragen ƙetare, bayan an riga an rufe na Kano da Fatakwal da Inugu, sannan zirga-zirgar cikin gida ma ta tsaya. Aka bar ƙofa ɗaya: jiragen kaya, da na agaji, da na kwaso 'yan ƙasa, da waɗanda Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya ba izini. Ƙa'idar farko ta ce matuƙin Nijeriya da ya dawo daga waje sai an killace shi kwana 14. Mai karatu ya yi lissafi. Tafiyar kwana biyu zuwa Sin ɗauko kayan asibiti ta koma kwana goma sha shida ba tare da ya ga iyalinsa ba, kamfani kuma dole ya cire sunansa daga jadawali ya nemo wani. Jiragen waje kuwa aka ce su zo da rukunin ma'aikata biyu, ɗaya ya kawo jirgi ɗaya ya mayar, ba mai sauka ya kwana. Daga baya ne aka sassauta, aka mayar da killacewar gwaji duk bayan mako biyu.

To, a watan Afrilun wannan shekara aka ga abin kunya a Fatakwal. Matuƙa biyu na kamfanin Caverton sun kai ma'aikatan mai da izinin gwamnatin tarayya. Gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya sa aka kama su, wai sun karya dokarsa ta rufe jiha, aka kai su kotun majistare, aka tura su gidan yari. Minista a Abuja ya ce harkar jiragen sama hurumin tarayya ce, gwamna ba shi da ta cewa. Gwamna ya ce lafiyar mutanensa ce a gaba. Manya biyu suna ja-in-ja ta kafofin watsa labarai, kowa ya kwana a gidansa, waɗanda aka aika kuwa suka kwana a tsare. Kuma wane irin tunani ne zai sa a kai mutumin da ake zargin yana ɗauke da cuta mai yaɗuwa cikin cunkoson fursunoni?

Bayan wata biyu sai ga ɗaya fuskar. Jirgin kamfanin Executive Jet, wanda aka ba izinin ɗaukar wani alƙali, sai ya kwashi mawaƙin nan Naira Marley daga Legas zuwa Abuja ya yi casu, a daidai lokacin da talaka ba shi da ikon tsallaka iyakar jiha ya gaida mahaifiyarsa. Aka dakatar da kamfanin, aka kuma ce za a hukunta matuƙin. Hanzarin da shugaban kamfanin ya kawo shi ne ya ga sunan Fashola a takardar fasinjoji, ya zaci Ministan Ayyuka ne. Wannan hanzari ya fi laifin tona asiri, domin ma'anarsa ita ce da minista ne da babu magana.

Ko ɗan aikin da ya rage, na kwaso 'yan Nijeriya da suka maƙale a waje, bai tsira ba. Kanada ta hana Air Peace izinin sauka a watan Mayu, Ingila ta yi haka a watan Yuli, aikin ya koma hannun wasu, matuƙan gida suna zaune. Irin wannan raini ya sake fitowa a Disambar 2021, lokacin da Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta haramta wa shiga saboda nau'in Omikron, alhali cutar ta riga ta bazu a Turai. Ko kwana goma ba a cika ba ta janye. Amma jadawalin da aka rushe a dare ɗaya ba ya gyaruwa a dare ɗaya.

An buɗe zirga-zirgar cikin gida a watan Yulin 2020, ta ƙetare kuma ranar 5 ga Satumba. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, a watan Agusta, Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70, Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100. Lokacin da ake tsoron fita, su ne 'yan aiki na dole. Da aka zo rage kuɗin kashewa, su aka fara nuna wa ƙofa. Kamfanonin sun ce asara ce ta tilasta musu, kuma ko shakka babu sun yi asara. Amma dokar da ta tsayar da jirage ta gwamnati ce, bai kamata mai albashi ya biya kuɗinta shi kaɗai ba.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Danchadi da albashin matuƙi. Ruwansa shi ne ransa da na iyayensa. Tuƙin jirgi sana'a ce mai tsatsa. Ƙa'idar duniya ta ce matuƙi ba zai ɗauki fasinja ba sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka gabata, ga gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi lokaci-lokaci, ga binciken likita. Mafi yawan matuƙan Nijeriya a lokacin sai sun fita waje suke yin gwajin na'urar, duk da cewa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. Da aka rufe iyakoki, hanyar gwajin ta toshe, sai hukumomi a ƙasashe da dama suka yi ta tsawaita wa'adin takardu. Takarda tana tsawaita da alƙalami, hannu kuwa sai da aiki. A ranar 22 ga Mayu 2020, kwanaki kaɗan da buɗe zirga-zirga a Pakistan, jirgin kamfanin ƙasar ya faɗo cikin unguwa a Karachi, mutum 97 da ke ciki suka rasu. Ministan jiragen sama na ƙasar ya shaida wa majalisa cewa hankalin matuƙan ya rabu, hirar korona suke ta yi a cikin tafiyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin ta-ɓaci a kan korona a watan Mayun 2023, amma sanƙarau da kwalara ba su yi ban kwana da Arewa ba, Saudiyya kuma ba ta taɓa jin nauyin rufe ƙofa ba. Tun yanzu da ƙura ta lafa ya kamata Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta NCAA da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE su zauna su rubuta doka guda wadda gwamna da minista duk za su bi, ta yadda wanda ya tashi da izini ba za a kama shi ba in ya sauka. A rubuta cewa kwanakin killacewa kwanakin aiki ne da za a biya, kuma matuƙin da ke da ciwon suga ko hawan jini yana da damar neman a canza masa hanya ba tare da an kore shi ba. Hukumar Alhazai ita ma tana da nata. Kafin ta ba kowane kamfani jigilar maniyyatan Sakkwato, ta nemi a nuna mata awannin da matuƙan suka yi a sama cikin wata ukun da suka wuce, ba yawan kujerun jirgi da farashin tikiti kaɗai ba.